Likitan da Ya Tafi da Sana'arsa, Ya Dawo da Ita

Ƙannena, musamman ku da kuke karatun likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, da ku 'yan makarantun jinya da ungozoma, har da ku da kuke wani fannin daban amma idonku na kan kujerar majalisa, akwai maganar da ta yawaita a bakinku: wai aikin asibiti wahala ce zalla, mai wayo ko dai ya nemi biza ya fice, ko ya nemi tikiti ya shiga siyasa. Ba zan musanta wahalar ba. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara da damina, ya tarar da likita ɗaya tilo yana aikin kwana, gado ɗaya yara biyu ko uku, iyaye mata zube a ƙasa, ya san ba ƙarya kuke yi ba. Amma kafin ku yanke shawara, ina so ku san wani mutum da ya bi hanyar nan daga farkonta har ƙarshenta, ya sha zumarta, ya sha maɗacinta. Shi ne Farfesa Ishaya Audu.

An haife shi a 1927 a Anchau, ƙasar Zazzau, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Kubau a jihar Kaduna. Garin yana da tarihi a harkar lafiya wanda ya kamata kowane ɗalibin likitanci ya sani. A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi yankin. Ƙudan tsando ke yaɗa shi, shi kuwa ƙudan a duhuwar bakin rafi yake fakewa, daidai inda mata ke ɗibar ruwa, yara ke wanka. Ma'aikatan lafiya na zamanin sun yi ta bin ƙauyuka suna laluben wuyan mutane don neman kaluluwa, suna yi musu allura. Wanda aka warkar yau, gobe ya koma rafi, ƙuda ya sake cizonsa. Da aka ga haka sai aka sare duhuwar rafuka, aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, aka tashi ƙananan ƙauyuka aka tara su wuri ɗaya, aka zana sabon gari kusa da tsohon Anchau aka raɗa masa suna Takalafiya. Aikin Turawan mulki ne, da ƙarfin hukuma aka yi shi, kuma ba kowa ne ya bar kufan kakanninsa da son ransa ba. Duk da haka ya nuna abu guda a fili: akwai cutar da maganinta ba ya cikin jakar likita, yana hannun mai iko da ƙasa da kuɗi da doka. A wurina wannan ne kaɗai dalilin da ya isa ya sa likita ya bar marasa lafiyarsa ya nemi mulki. Wanda ya tafi don gajiya da aikin kwana, ko don ya ga abokin karatunsa ya sayi babbar mota, gudu ya yi, komai sunan da ya ba tafiyar.

Ishaya Audu ya yi karatun farko a Wusasa, unguwar mishan da ke bayan ganuwar Zariya, inda Yakubu Gowon ma ya tashi. Kafin shi, Wusasa ta riga ta fitar da likitan farko a duk Arewa, Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya kama aikin gwamnati a 1940. Dikko na cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, shi ne ma shugabanta na farko. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, doka ta hana ma'aikacin gwamnati riƙe muƙami a cikinta, sai ya sauka daga shugabancin ya ci gaba da aikinsa na likita. Ku tsaya ku auna wannan. Jam'iyyar da ta zo ta mulki Arewa, ta fitar da Firayim Ministan Nijeriya, mutum yana kan kujerarta ya tashi, don a lokacin likitocin Arewa ba su cika yatsun hannu ba. Sai a 1967 Gowon ya kira shi Legas ya ba shi kwamishinan ma'adinai da lantarki na tarayya, daga baya sufuri. Sunansa ne a kan babban asibitin nan na Kaduna.

Hanyar Ishaya Audu ma doguwa ce. Daga Wusasa ya tafi Yaba a Legas, ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan tun tana sabuwa, ya ƙarasa likitanci a Landan a tsakiyar shekarun 1950, sannan ya ƙware a kan cututtukan yara. Ya dawo ya yi aiki a asibitocin gwamnatin Arewa, ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello na musamman, ya koyar a makarantar likitanci ta Jami'ar Legas.

Maganar Sardauna tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, don yaran yanzu da suka tashi cikin rabuwar unguwanni a Kaduna da Jos zai yi musu wuyar fahimta. Jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Firimiyan Arewa, ya miƙa jikinsa da sirrin lafiyarsa ga Bahaushe Kirista ɗan mishan. Abin da ya sa kuwa a bayyane yake, mutumin ya iya aikinsa kuma yana da riƙon amana. Wannan tarbiyya ce da asibiti ke yi wa mai aiki a cikinsa ba tare da ya lura ba. Idan aka kawo yaro yana suma, ba ka tambayar uwarsa inda take ibada kafin ka nemi jijiya. Jinin da ke cikin leda ba a rubuta ƙabilar mai shi ba. Wanda ya shekara goma yana aiki haka, idan ya shiga siyasa yana ɗauke da abin da yawancin 'yan siyasarmu ba su da shi, kuma shi ne abu na farko da za a nemi ya zubar a bakin ƙofa. Ranar da aka ce maka ka hau mumbarin kamfe ka tsorata mutanenka da maƙwabtansu don a sami ƙuri'a, ka tuna cewa da hannunka ka ɗinke 'ya'yan ɓangarorin biyu.

A Janairun 1966 aka kashe Sardauna. A cikin shekarar ne aka naɗa Ishaya Audu shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko a kujerar bayan Norman Alexander. Yana da shekara 39, jami'ar kuwa shekararta huɗu kacal da kafuwa. Shekara ce ta tarzoma da zubar da jini, ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas suka tattara suka tafi, shekara mai zuwa yaƙin basasa ya ɓarke. Cikin wannan hali ya riƙe jami'ar shekara tara, har 1975. A 1967 aka buɗe tsangayar likitanci a Zariya, ta farko a Arewa. Kafin nan duk ɗan Arewa mai son digirin likitanci sai ya nufi Ibadan ko Legas ko ƙetare. Ɗaliban farko na wannan tsangaya su ne suka zama malaman malamanku, kuma hannunsu yana cikin kusan kowace makarantar likitanci da aka buɗe a Arewa daga baya. Idan aka tambaye ni wane aiki ne mafi girma a rayuwar mutumin nan, ba zan ambaci kujerar minista ba. Zan ce waɗannan shekaru tara ne, domin a nan ne iko ya haɗu da sani. Ya san ciwon, ya san yawan hannun da ake buƙata, aka ba shi wurin da zai samar da hannun.

Bai tsaya takara ba sai a 1979, yana da shekara 52. Dokta Nnamdi Azikiwe ya ɗauke shi abokin takara a jam'iyyar NPP. Suka zo na uku, bayan Shehu Shagari na NPN da Obafemi Awolowo na UPN, jam'iyyarsu kuma ta ci gwamnonin Anambra da Imo da Filato. Amma NPN ba ta sami rinjaye a majalisa ba, kujera 36 take da ita cikin 95 a Majalisar Dattawa, 168 cikin 449 a ta Wakilai. Dole ta nemi ƙawance, sai ta ƙulla da NPP. A cikin rabon da aka yi, NPP ta sami Kakakin Majalisar Wakilai, Edwin Ume-Ezeoke, da Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, John Wash Pam, da wasu ministoci. Ta wannan ƙofa Ishaya Audu ya zama Ministan Harkokin Waje.

Ga darasi nan da ba a koyar da shi a aji. Ƙwararren likitan yara, wanda ya gina makarantar likitoci, ya shiga majalisar ministoci, aka ba shi harkokin waje. Haka siyasa take rabonta, da lissafin jiha da jam'iyya da addini da wanda ya kawo ƙuri'a nawa, takardar shaidarka ita ce ta ƙarshe da ake dubawa. Dikko ma'adinai aka ba shi. Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya daga Song ta Adamawa, ilimi ya riƙe daga 1985, sannan man fetur daga 1989, kafin ya zama Sanata a 2003. Don haka duk wanda yake cewa zai shiga siyasa ya gyara asibitoci, ya sani cewa mai yiwuwa ba za a taɓa ba shi mabuɗin asibitocin ba. Sai ya shirya ya yi aiki da hankalin likita a duk inda aka ajiye shi: ya saurara kafin ya yanke hukunci, ya nemi hujja kafin ya rubuta magani, kada ya ɗauki wuƙa inda magani zai wadatar.

Ma'aikatar tasa ba ta rasa aiki ba. A zamaninsa Zimbabuwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980, Nijeriya ta tura sojoji Chadi cikin rundunar wanzar da zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A Mayun 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a iyakar ruwa da Kamaru, jaridu da wasu manya suka yi ta kiran a ɗau fansa. Gwamnatin Shagari ta zaɓi magana, har Kamaru ta ba da haƙuri. Ku da kuke da dangi a Garwa da Marwa da Ngaundare, ku yi tunanin abin da yaƙi tsakanin ƙasashen biyu zai jawo wa gidajenku. Yaƙin da ba a yi ba babu mai gina masa hasumiya, amma rayukan da aka tsirar sun fi na asibiti guda yawa.

Sai dai akwai wurare biyu da nake ganin kujerar ta ci shi, kuma ba zan ɓoye muku ba don ina girmama shi.

Na farko a 1981 ne, lokacin da ƙawancen NPN da NPP ya watse. Jam'iyyarsa ta umarci ministocinta su fito. Shi ya zauna, ya ci gaba da aiki da Shagari. Masu kare shi suna da hujja: ministan harkokin waje ƙasa yake wakilta, kuma barin aiki a tsakiyar rikicin Chadi da na Kamaru ba dattako ba ne. Na fahimci wannan. Amma kujerar ta jam'iyya ce, da ƙuri'un talakawan Filato da Imo da Anambra aka same ta, kuma mutanen da suka bi shi a 1979 suna da haƙƙin jin an bar su a hanya. Likita ya saba da cewa idan mara lafiya na gabansa ba ya tashi don wani ya kira shi waje. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a ɗakin tiyata. A siyasa kuwa tana iya zama tarko, don kowa da ke kan kujera yana iya gamsar da kansa cewa ƙasa ba za ta rayu ba idan ya tashi. Tun kafin ka karɓi muƙami ka zauna kai kaɗai ka faɗa wa kanka abin da idan ya faru za ka ajiye. Idan ka bari sai ka hau, ba za ka ƙara ganin layin ba.

Na biyu ya fi nauyi. A Janairun 1983, bayan kuɗin mai ya karye, gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Ministan cikin gida ne ya yi sanarwar. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka kwashi kaya, yawancinsu 'yan Gana, akwai kuma 'yan Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. Aka yi cunkoso a iyakoki da tashar jirgin ruwa ta Apapa, mata masu ciki da jarirai a rana, wasu suka mutu a hanya. Likitan yara yana cikin majalisar ministocin gwamnatin da ta yi wannan, kuma ma'aikatarsa ce ke da aikin fuskantar duniya a kansa. Haka tsarin yake, abin da gwamnati ta zartar na kowane minista ne, ko ya so ko bai so ba. A asibiti kuskurenka yana da suna da fuska, kana iya zuwa ka yi wa iyaye ta'aziyya. A gwamnati sa hannu ɗaya yana taɓa mutanen da ba za ka taɓa gani ba, kuma rashin ganin nan shi ke kashe zuciya a hankali.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, aka kwashe 'yan siyasa, shi ma aka tsare shi. Da aka sake shi sai ya koma Samaru, gefen jami'ar da ya shugabanta, ya buɗe asibitinsa, ya ci gaba da duba marasa lafiya, yana kuma hidimar coci. Tsohon shugaban jami'a, tsohon ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa, mutumin da ya yi magana da sunan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo yana sauraron ƙirjin 'ya'yan masu gadi da 'yan kasuwar Samaru. Ya rasu a 2005 yana da shekara 78.

Wannan komawar ita ce abin da na fi so ku ɗauka. Ku duba 'yan siyasar da kuka sani waɗanda ba su da wata sana'a sai siyasar. Ranar da suka faɗi zaɓe, ranar suke fara zarya a ƙofar wanda ya ci, yau suna wannan jam'iyya gobe suna waccan, don ba su da inda za su koma. Mutumin da cinsa da shansa suka rataya a kan kujera ba ya iya cewa a'a. Ishaya Audu, da duk abin da za a iya faɗa a kan zamansa na 1981, da kujerar ta tafi bai bi ta da gudu ba, don yana da abin yi da safe.

Yau ƙofar ta fi buɗewa da wuri. Tun gyaran tsarin mulki na 2018, ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai, wato daidai shekarun da yawancinku kuke karɓar lasisi. Na yi murna da gyaran, amma ina jin tsoronsa a kanku. A 2022 jam'iyya mai mulki ta sayar da fom ɗin takarar Majalisar Wakilai naira miliyan 10, na Sanata miliyan 20, kuma fom shi ne ƙaramin kashewa idan aka zo zaɓen fid da gwani. Likitan da ya gama bautar ƙasa jiya ba shi da wannan kuɗi. Wani ne zai biya masa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kalmar Dokta da ke gaban sunanka ita uban gidan yake saye, don talaka yana yarda da likita. Wannan yarda ba kai ka tara ta ba, dubban ma'aikatan lafiya ne suka tara ta da kwanan tsaye, kuma idan ka sayar da ita, abokan aikinka da ka bari a asibiti ne za su biya.

Kada ku ji kamar ina hana ku ne. Ana buƙatar ku a can, buƙata mai tsanani. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka mutu. A Bagega likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba su iya fara ba da shi ba, don yaron da aka wanke wa jini zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ke cike da gubar. Sai an kankare ƙasar gidajen tukuna, kankarewar kuwa kuɗin gwamnatin tarayya take jira, kuma ba a saki kuɗin ba sai a 2013. Labarin Anchau ne ya maimaita kansa bayan shekara saba'in. A cikin wannan jira, ɗan majalisa ɗaya da ya san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan shekara biyu, ya kuma san ta wace kafa kuɗi ke fita daga baitulmali, ya fi likitoci goma amfani. Amma sai ya san duka biyun. Wanda bai daɗe a asibiti ba bai san na farko ba, wanda bai koyi yadda ake kasafi ba bai san na biyu ba.

Na biyun ana iya fara koyonsa tun yau, ba tare da fom ko uban gida ba. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Ka nemi kasafin jiharka na bana ka duba nawa aka rubuta, sannan ka bincika nawa aka saki, don rubutawa daban, sakewa daban. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa ana nufin ya isa ƙaramin asibitin mazaɓa kai tsaye. Ka je na mazaɓarku, ka gaida mai kula da shi, ka tambaye ta ko kuɗin yana zuwa, sau nawa a shekara, wa ke sa hannu a fitar da shi, kuma me aka saya da na ƙarshe. Ka tambayi ranar da kwamitin mazaɓa ke zama, ka je ka zauna a baya ka saurara. Idan firij ɗin allurar rigakafi ya lalace, ka bi takardar gyaransa daga teburin farko har na ƙarshe, ka rubuta sunan kowane ofishi da ta kwana a ciki da yawan kwanakin da ta yi.